Yadda Mai Hoto Zai Horar da Hannunsa, Ya Kuma Samo Idon Kansa

Ka tara albam ɗin biki guda goma daga masu hoto goma, na Kano da na Kaduna da na Maraɗi, ka rufe sunayen da ke jiki. Da wuya ka ɗaga ɗaya ka ce wannan aikin wane ne. Amarya ta sunkuyar da kai tana kallon lallen hannunta, ango ya tsaya a baya ya dafa kafaɗarta, bayan hoton ya yi dishi-dishi, fata ta sha gyara. Hotunan ba su da laifi, kuma an ɗauke su da kyamarori masu tsada. Abin da babu a cikinsu shi ne mai ɗaukar. Me ya gani a wurin da sauran mutane ba su gani ba?

Koyon hoto kashi biyu ne. Akwai koyon hannu, wato sarrafa kyamara da haske, wanda mai naci zai iya kamawa cikin 'yan watanni. Sai kuma koyon ido, wanda ke cin shekaru, kuma ba ya samuwa sai mutum ya riƙa komawa kan abu ɗaya da ya damu da shi, yana tace aikinsa ba sani ba sabo. Ga yadda ake bin su daki-daki.

Mataki na ɗaya: fara da abin da ke hannunka

Idan waya gare ka, ta isa ka fara. Ka goge gilashin kyamararta kafin kowane ɗauka, ka kunna layukan da ke raba fuskar wayar gida tara, ka daina jawo abu da yatsu biyu domin hakan na lalata hoto. Ka taka da ƙafarka ka matsa kusa.

Idan za ka sayi kyamara, ta hannu mai lafiya ta fi sabuwar da za ta bar ka da bashi. Ka duba adadin hotunan da ta taɓa ɗauka, domin kowace kyamara tana da iyakar abin da ƙiftawarta za ta jure. Ka haska lensin da tocila ka ga ko akwai tsatsa, ƙura ko wani farin gizo-gizo a ciki. Sannan ka tsaya kan lensi guda wanda ba ya jawowa, mai 35mm ko 50mm, na tsawon wata shida aƙalla. Amfaninsa shi ne idonka zai haddace faɗin abin da yake ɗauka, har ka san inda za ka tsaya tun kafin ka ɗaga kyamarar. Henri Cartier-Bresson na Faransa ya yi mafi yawan aikinsa da lensi mai 50mm. Seydou Keïta na Bamako kuwa da 'yar Kodak Brownie ya fara, wadda kawunsa ya ba shi yana yaro.

Mataki na biyu: abubuwa uku da ke sarrafa haske

Duk maɓallan da ke jikin kyamara, uku ne ginshiƙai.

Na farko ƙofar lensi, wadda ake rubuta ta da f. A nan mutane ke rikicewa, domin ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. A f/1.8 ƙofar a buɗe take sosai, haske ya shiga da yawa, abin da ka saita ya fito tsaf, bayansa ya narke. A f/8 ko f/11 ƙofar ta tsuke, na gaba da na baya duk su fito. Saboda haka kada ka ɗauki hoton dangi sahu uku a f/1.8, sahu ɗaya ne kawai zai fito, sauran su yi hazo-hazo.

Na biyu saurin ƙiftawa, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga. Mutumin da ke zaune, 1/125 na daƙiƙa ya ishe shi. Yara masu wasa, 1/500. Dokin da ke sukuwa ko 'yan dambe suna kai naushi, 1/1000 zuwa sama. Idan a hannu ka riƙe kyamara, kada saurin ya yi ƙasa da lambar lensinka: mai 50mm kada ya sauka ƙasa da 1/50, in ba haka ba rawar hannunka za ta bayyana.

Na uku ISO, wato yadda kyamara ke jin haske. A rana tsaka 100 ko 200. A cikin ɗaki 800 zuwa 3200. Yana ƙara haske, amma idan ya yi yawa hoton ya yi yashi-yashi. Duk da haka hoto mai yashi da ya kama abin da ake so ya fi mai santsi da ya girgiza, kada tsoron ISO ya hana ka ɗagawa.

Ukun nan musaya suke yi. Daga f/4 zuwa f/5.6 zuwa f/8, kowane tsalle yana rage rabin haske. Haka daga 1/250 zuwa 1/500 zuwa 1/1000. A ce kana kan f/8 da 1/250 da ISO 200, hoto ya yi daidai, sai ga mahaya sun taso za su yi jafi, kana buƙatar 1/1000. Ka rage haske tsalle biyu ke nan, dole ka biya shi: ko ka buɗe ƙofa zuwa f/4, ko ka ɗaga ISO zuwa 800.

Karatu ba zai zaunar maka da wannan ba, sai gwaji. Ka jera kwalabe biyar a kan benci, ɗaya bayan ɗaya, ka saita kan ta tsakiya, ka ɗauka a f/1.8, da f/4, da f/11, ka kwatanta. Ka sa ƙaninka ya riƙa wucewa a kan keke, ka ɗauke shi a 1/30, da 1/125, da 1/1000. A 1/30 ɗin ka gwada bin sa da kyamara yayin da kake dannawa, za ka ga shi ya fito, bangon bayansa ya ja layi-layi. Ka fara da yanayin A ko Av, inda kai ke zaɓar ƙofa kyamara ta zaɓi sauri. Idan hannunka ya faɗa sai ka koma M, inda kai ke zaɓar su duka. Ba a ba kowa lambar yabo don ya ɗauki hoto a M, abin da ake nema shi ne ka san dalilin kowace lamba da ka sa.

Mataki na uku: karanta hasken garinku

A nan ya kamata ka fi daɗewa. Yawancin darussan hoto da ke intanet an yi su ne a ƙasashen da rana ke tafiya a karkace, gajimare ya rufe sama rabin shekara. Mu ranarmu da hantsi ya ɗaga sai ta hau tsakar ka, ta zauna har bayan Azahar. A wannan lokacin haske daga sama yake dukan mutum, goshi da karan hanci su yi ƙyalli, ramin ido ya yi baƙi ƙirin, in kuma akwai rawani ko malafa sai fuskar ta ɓace gaba ɗaya.

Haske mai daɗi yana zuwa ne sau biyu a rana, kuma ba ya jira: daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe takwas, sai kuma La'asar sakaliya zuwa gab da Magariba. A lokacin rana tana gefe, tana fito da zanen bango, da ƙurar da tumaki suka tayar, da kwarmin fuskar tsoho. Ka ware mako guda kana ɗaukar abu ɗaya tak, ƙofar gidanku ko bishiyar darbejiyar layinku, daga wuri ɗaya, da asuba, da hantsi, da Azahar, da La'asar, da almuru. Ka jera hotunan. Wannan zai koya maka abin da dogon bayani ba zai koya maka ba.

To idan aiki ya kama da rana tsaka fa, tunda ɗaurin aure ba zai jira La'asar ba? Ka nemi inuwa mai buɗaɗɗen gaba. Zaure ya fi ko'ina. Ka tsayar da mutum taku ɗaya ko biyu daga bakin ƙofa ta ciki, fuskarsa na kallon waje a ɗan karkace, kai kuma ka tsaya a bakin ƙofar. Hasken da ya daki ƙasar waje zai dawo ya shafi fuskarsa a hankali, idonsa ya yi ɗigon haske, cikin zauren ya yi duhu a bayansa. Babu fitilar situdiyo da za ta ba ka abin da ya fi wannan, kuma kyauta ne. Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a 1948, a tsakar gida ya ɗauki mafi yawan hotunan da duniya ke yabo yau, da hasken rana da ƙyalle a baya. Inuwar bishiya kuwa ka yi hattara da ita, ganye na zubo da ɗigo-ɗigon rana a kan fuska.

Sai matsalar da kowane mai hoto a ƙasar Hausa ya san ta: baƙar fata cikin farar shadda. Ma'aunin hasken kyamara yana ƙoƙarin mayar da komai tsaka-tsaki ne. Idan ya ga babbar riga fara ta cika hoto sai ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage, fuskar mai rigar ta nitse. Maganinsa maɓallin da ke da alamar +/-. Ka ƙara kamar +0.7 ko +1, ka duba fuskar, sannan ka duba aikin rigar. Idan zanen aska takwas ɗin da ke ƙirji ya ɓace ya zama farin fili, ka wuce gona da iri, sai ka ɗan rage. A cikin inuwa tazarar da ke tsakanin rigar da fuskar tana raguwa, shi ya sa nake ta nanata inuwa. Farin kwali babba, ko murfin kula da aka lulluɓe da takardar azurfa, idan yaro ya riƙe maka shi daga ƙasa ta gefe, zai mayar da haske kan fuska. In kyamararka na ɗaukar RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto, ka yi amfani da shi, domin yana ajiye bayanin haske da duhu fiye da JPEG da aka saba, ka samu abin gyarawa daga baya.

Kowane lokaci na shekara da irin haskensa. Hazon hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yana tausasa rana, launuka su kwanta, abin da ke nesa ya riƙa dusashewa hawa-hawa. Da yawa suna ajiye kyamara a lokacin, alhali ya dace da hoton fuska da na mutane a bakin wuta da sassafe. Sai dai kada ka canza lensi a fili, ƙura za ta shiga. Da damina kuwa, bayan an ɗauke ruwa, iska ta wanke, kore da ja su fito sosai, hadari ya ba ka sama mai nauyi.

A ɗakin taro da dare, fitilu masu launi na ɓata fata. Kada ka harba filasha kai tsaye a fuska, ka karkata ta zuwa farin silin ko farin bango hasken ya dawo. In ka ga layuka masu duhu suna ratsa hoto a ƙarƙashin wasu fitilu, wutar lantarkinmu ce mai bugun 50 a daƙiƙa, ka sauko da sauri zuwa 1/100 ko 1/50.

Mataki na huɗu: abin da ya shiga hoto da abin da ya fita

Kafin ka danna, ka zagaya da idonka kusurwoyi huɗu. Mai koyo yana kallon fuskar mutum ne kawai, sai ya koma gida ya tarar da falwaya ta tsiro daga kan amarya, ga baƙar leda a ƙasa, ga rabin kujerar roba a gefe. Taku ɗaya zuwa hagu yakan kawar da duk wannan. Ka fara zaɓar baya, sannan ka kawo mutum.

Kada ka yanke mutum a gaɓa, wato wuyan hannu, gwiwa ko idon sawu. Yaro ka durƙusa ka ɗauke shi daidai tsayin idonsa. Dokar nan ta ajiye abu a kan layukan da suka raba hoto gida uku tana taimaka wa mai farawa, amma ba farilla ba ce, wani hoton tsakiya yake so.

Abin da ya fi duk waɗannan wuya shi ne jira. Ɗauki misalin mai shayi da sassafe. Idan ka tsaya rana na bayanka, za ka sami mutum da tebur da gwangwanayen madara, shi ke nan. Ka zagaya ta yadda rana za ta zo daga bayansa ta gefe, ka nemi bango mai duhu ya zama a bayan tukunyar. Nan take tururin zai fito fari tas. Ka sa 1/500, ka saita kan hannunsa, ka yi shiru. Zai ɗaga kofi sama ya tsiyayo shayin cikin na ƙasa, ya sake, ya sake. Akwai lokacin da hannun ya kai ƙarshen ɗagawa, zaren shayin ya miƙe bai tsinke ba, mai jiran shayin ya ɗago kai yana kallo. Wannan ne hoton, kuma mai gaggawa ba ya samun sa.

Mataki na biyar: mutane

Kyamara ba ta ba ka izinin shiga rayuwar kowa ba. Ka yi sallama, ka gaisa, ka bar ta a rataye tukuna. "Baba, sannu da aiki. Ni mai koyon hoto ne, aikin hannun nan naka ya burge ni, ko ka yarda in ɗauka?" In ya ce a'a, ka yi godiya ka wuce, kada ka koma nesa ka sata. Akwai waɗanda ba sa son hoto saboda fahimtarsu ta addini, akwai matan da ba za su so fuskarsu ta shiga intanet ba, kuma hakkinsu ne. Yara sai da yardar manyansu. Almajiri da mai bara da mara lafiya ba kayan ado ba ne, ka tambayi kanka ko za ka so a nuna ɗan'uwanka haka. Shingen jami'an tsaro da barikoki kuwa ka nisance su da kyamara.

In aka yarda maka, mintunan farko mutum zai ƙame, ya gyara hula, ya haɗe fuska. Ka ɗauki wannan ɗin, ka nuna masa, sannan ka ci gaba da hira har ya manta da kai ya koma aikinsa. Mata masu ɗaukar hoto suna da wata dama babba a nan: cikin gida, wurin ƙunshi da kitso da kamu, inda namiji ba ya shiga. Rabin rayuwar Hausawa a can take, kuma kaɗan ne aka ɗauka da idon wadda ta san ta.

Mataki na shida: kalli aikin magabata da natsuwa

Wucewa da yatsa a Instagram ba nazari ba ne. Ka zaɓi hoto ɗaya ka zauna da shi minti biyar. Daga ina haske ya zo? A ina mai ɗaukar ya tsaya, a tsaye ko a durƙushe? Me ya bari a waje? Da ya danna daƙiƙa ɗaya kafin nan, me zai canza?

Ka nemi hotunan Keïta ka ga yadda yake haɗa zanen atamfa da zanen ƙyallen baya ba tare da fuska ta ɓace ba. Ka nemi na Malick Sidibé, shi ma ɗan Mali, wanda ya bi matasan Bamako wuraren rawa da bakin kogi a shekarun 1960 da 1970, har aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na Venice a 2007. Ka ga yadda yake shiga tsakiyar mutane har su saki jiki. Akwai James Barnor na Gana da Philippe Koudjina da ya ɗauki rayuwar Yamai. Ka kwaikwayi ɗayansu da gangan na wata guda, ba laifi ba ne, haka ake koyon kowace sana'a. Wurin da ka ji kwaikwayon ya ƙi zauna maka, ka lura da shi, domin a nan naka yake fara leƙowa.

Mataki na bakwai: ɗauki aiki ɗaya ka daɗe a kansa

Wannan shi ne matakin da ke raba mai danna kyamara da mai hoto. Salo ba a zaɓar sa a cikin jerin filta. Yana fitowa ne idan ka daɗe kana kallon abu ɗaya har hotunan da kowa zai ɗauka suka ƙare maka, dole ta sa ka fara ganin wasu.

J.D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Najeriya da ya rasu a 2014, ya fara ɗaukar kitson mata a 1968. Ya shafe shekaru da dama a kai, ya tara hotuna kusan dubu, akasarinsu daga ƙeya, a gaban fili mara komai, baƙi da fari. Kitso abu ne da kowa ke gani kullum, amma shi ne ya tsaya ya dube shi a matsayin gini. Fati Abubakar kuma, 'yar Maiduguri, a lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai hoton ɓarna, ta riƙa fita tana ɗaukar 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu kwalliyar Sallah, tana sakawa da sunan Bits of Borno. Dukansu biyu a cikin ƙasarsu suka samo abin ɗauka.

Ga yadda za ka tsara naka. Ka zaɓi abin da za ka iya zuwa wurinsa a ƙafa ko da kuɗin mota kaɗan, wanda kuma kake da wata alaƙa da shi: maƙerar unguwarku, masu ɗinkin hula, tashar mota da asuba, makarantar allon da ka yi, gonar kakanka daga shuka zuwa girbi. Ka rubuta a jimla ɗaya abin da kake son nunawa. "Masu rini" bai isa jimla ba. "Yadda tsofaffin marina ke riƙe da sana'ar da 'ya'yansu ke barin ta" jimla ce, kuma za ta gaya maka inda za ka nufa da kyamara. Sannan ka riƙa zuwa duk mako, wata shida ko shekara.

A ce marinar Ƙofar Mata ka zaɓa a Kano. Zuwan farko za ka ɗauko abin da kowane baƙo ke ɗauka: ramuka a jere, mutum ya ɗaga shuɗin ƙyalle. Ka ɗauka, ka fitar da shi daga ranka. A zuwa na biyar za ka fara lura da kumfar da ke kan ruwan baba, da yadda ƙyalle ke fitowa kore-kore sai iska ta mayar da shi shuɗi, da faratan da shuni ya zauna musu. A na goma an san sunanka, an daina gyara zama idan ka zo, wani ya ja ka zuwa mabuga inda ake dukan yadi har ya yi ƙyalli. A kowane zuwa ka nemi hoto mai faɗi da ke nuna wurin, da matsakaici da ke nuna mutum da aikinsa, da na kusa sosai. Ka wanke wasu ka kai musu. Wanda ka miƙa wa hotonsa a hannu ba zai sake kallon ka a matsayin baƙo ba.

Ko a taron da kowa ke ɗauka wannan tunanin yana aiki. Ranar Hawan Daushe masu hoto sun yi cincirindo wuri ɗaya suna jiran Sarki. Kai ka yi sammako zuwa gidan wani hakimi, da izini, inda ake ɗaura sirdi, ana shimfiɗa jalala, ana naɗa wa yaro rawaninsa na farko yana ƙoƙarin kada ya yi murmushi.

Mataki na takwas: tacewa

Rabin idon mai hoto a wurin zaɓe yake. Kada ka zaɓa a ranar da ka ɗauka, domin wahalar da ka sha za ta sa ka so hoton da bai kai ba. Ka bari ya kwana biyu. Zagayen farko ka fitar da duk wanda ya girgiza ko ido ya rufe. Na biyu, a cikin masu kama da juna ka bar ɗaya tak. Na uku, daga ɗari uku ka sauko zuwa talatin, daga talatin zuwa goma. Zai yi maka ciwo, ka daure.

Duk bayan wata uku ka wanke zaɓaɓɓun a ƙananan takardu, ka baza su a kan tabarma, ka tsaya a kansu. Me ke maimaituwa? Wataƙila ka ga kullum hannaye kake ɗauka. Wataƙila kana son mutum ɗaya a cikin fili mai faɗi, ko kana son cunkoso, ko duk hotunanka masu kyau a inuwa suke, ko kana danna kyamara bayan an gama dariya maimakon tsakiyarta. Abin nan da ke dawowa ba da saninka ba, shi ne salonka. Ka rubuta shi, ka fita ka bi shi da gangan, ka ga iyakar inda zai kai ka.

Mataki na tara: gyara, ba sauya halitta ba

Manhajojin gyaran hoto na Lightroom ko Snapseed sun isa. Ka bi wannan jeri: miƙe hoton in ya karkace, yanke abin da ya yi yawa, daidaita launi har farar riga ta zama fara, sannan haske da duhu. Ka tsaya nan tukuna. In ka ga gyaran ya fara ihu, ka rage rabinsa.

Maganar fata kuwa ina da ra'ayi mai ƙarfi a kanta. Mayar da baƙar amarya fara, da goge fuska har ta zama kamar ta 'yar tsana, cin fuska ne ko da ita ta nema. Ƙurjin da zai warke cikin mako ana iya cire shi. Launin da Allah ya ba ta, da zanen gado, da wushirya, nata ne. In mai aiki ya matsa, ka nuna masa biyu gefe da gefe, wanda aka haska da kyau da wanda aka yi wa bilicin, ka yi masa bayani. Da yawa suna neman farin ne don ba su taɓa ganin an ɗauki baƙar fatarsu da haske mai kyau ba. Idan kuma hoton labari ne na jarida, ba a cire komai, ba a ƙara komai.

Mataki na goma: nemi mai gaya maka gaskiya, ka kuma ware wa kanka lokaci

In ka tambayi abokai "ya yi kyau?" za su ce Masha Allah. Yawan masu danna alamar so ma ba ma'auni ba ne. Ka sami wanda ya fi ka, ko da tsohon mai situdiyo ne da ya yi zamanin fim, ka kai masa hotuna goma, ka ce, "Maigida, ina idonka ya fara sauka? Wanne zan cire?" Ka yi shiru ka saurara, kada ka kare kanka. In da hali ka bi shi biki kana riƙe masa jaka da fitila, za ka ga yadda yake jera dangi hamsin cikin minti biyu ba tare da ran kowa ya ɓaci ba.

Aikin kuɗi zai so ya cinye ka, kuma mai biki abin da ya gani a wurin wasu yake so. Ka ba shi abin da ya biya cikakke. Bayan ka tabbatar da waɗannan, ka ɗauki biyar naka: kakar amarya tana gyara mata mayafi, takalman da aka tara a ƙofar ɗaki, yaran da suka yi barci a kan kujera. Samuel Fosso, wanda ya buɗe situdiyo a Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, a 1975 yana ɗan shekara 13, da ragowar fim ɗin da masu hoton fasfo da na kwalliya suka bari yake ɗaukar kansa bayan an tashi aiki, kuma waɗannan ne suka fitar da sunansa.

Tun daga yau ka tsara ajiya. Kowane aiki ya sami jakarsa a kwamfuta, da shekara da wata da rana da wuri a sunanta. Ka rubuta sunayen mutanen da ke ciki da abin da ake yi, domin bayan shekara biyar ba za ka tuna ba. Ka ajiye kwafi biyu a na'urori daban-daban, na uku a intanet ko a wani gida, kuma kada ka goge memori sai ka buɗe kwafin ka tabbatar yana aiki. In za ka tura wa mai aiki ta WhatsApp, ka tura a matsayin fayil, domin turawa ta hanyar hoto tana matse shi ta rage masa inganci.